Ranar da Yaya Ya Ajiye Garma

Jikata tana jami'a, aikinta leƙen abin da ido ba ya gani. Ta ce jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana, kowace tana haɗa wani sinadari da suke kira furotin, ta ƙunshe shi, ta aika inda ake bukatarsa, kamar tashar Gagarawa lokacin gyaɗa. Abin da take bi ita da malamanta shi ne ko tangarɗa a wannan aike tana da hannu a ciwon naman zuciya da ake gada. Na ce ta yi ta leƙe, Allah Ya ba da sa'a. Ni dai na san ciwon tun kafin a haifi uwarta, don gidan da yake bi aka kai ni aure.

A shekarun alif ɗari tara da saba'in ne, fari bai daɗe da sakinmu ba. Gidan mijina yana wani ƙauye kusa da Gagarawa, kuma da ƙarfi aka san su. Maza ne dogaye masu faɗin ƙirji, ko ƙofar zaure sai sun sunkuya. Amma mahaifinsu yana jan guga a rijiya ya yanke jiki ya faɗi, bai ko shura ba. Babban wansu kuma a filin kokawa na Sule Tankarkar ya kayar da abokin karawarsa, ya ɗaga hannu, shi ma ya bi ƙasa. Mutane suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. Saura maza biyu: maigidana, wanda shi ne auta, da wansa da kowa ke kira Yaya.

Ina da cikin fari maigidana ya fara. Yana dakon buhuna a tasha sai numfashi ya ƙwace masa, ya ga duhu, ya durƙusa. Da ya farfaɗo cewa ya yi yunwa ce. Yunwar me, ni da na san ƙwaryar furar da ya shanye da safe? Yaya bai tsaya musu da shi ba. Ya sa shi a gaba, suka hau jirgin ƙasa zuwa Kano.

Likitan da suka gani ya saurari ƙirjinsu su duka biyun, ya ɗauki hoto, ya manna musu wayoyi. Ya tambayi yadda uban ya rasu, da yadda wan ya rasu, har da kaka. Sannan ya ce naman zuciyar maigidana ya yi kauri fiye da kima, kuma ba abinci ne ya jawo ba, ba maƙiyi ba ne, gado ne. Ya ba shi ƙwayoyin magani, ya ce zai iya daɗewa a duniya idan ya bar dako da kokawa da duk aikin da ake yi da gasa. Shi kuwa Yaya, likita ya ce bai ga komai a tasa zuciyar ba.

Maigidana ya dawo yana cika yana batsewa. Ƙwayoyin ya sha, wannan ba wuya. Amma da na yi zancen gayyar da za a yi a gonar dagaci, sai ya harare ni.

"Ke kina so a ce mijinki ya zauna a inuwa, sa'anninsa suna huɗa? Gara a ɗauko ni daga gona."

Na yi kuka, na yi masifa, don bakina ba ya shiru tun ina yarinya. Duk a banza. Tsoro na gaske na ji. Ga ciki ya tsufa, ga uban ɗan yana wasa garma a tsakar gida yana fito.

Wanda bai ga gayyar wancan zamani ba ba zai gane ba. Aikin taimako ne, amma gasa ce tsagwaronta. Maza su jeru da garemani, makaɗi yana binsu da ganga yana kiran kowa da kirarin gidansu, 'yan mata suna guɗa. Wanda ya riga kaiwa ƙarshen gona, shekara guda ana zancensa. Kuma shekaru da dama Yaya ne ke riga kowa. Da shi makaɗi yake buɗe baki.

Ranar mun kai kunu da fura muka ajiye a gindin tsamiya. Maza suka jeru, maigidana yana gefen wansa, ya ɗaure ƙugu da rawani. Makaɗi ya buga, ya fara zuga Yaya. Ni kuwa ƙirjin mijina kawai nake kallo.

Yaya ya ɗaga garma kamar zai sara, sai ya kwantar da ita a ƙasa. Ya ɗaga hannu, ganga ta tsaya.

"Ranka ya daɗe, jama'a, ku ji da kunnenku," in ji shi. "Mun je Kano. Abin da ya ɗauke Baba da wanmu ba sammu ba ne, ciwo ne da ke bin jinin gidanmu. Daga yau babu ɗan gidanmu da zai ƙara shiga gayya ko kokawa. Ni ne babba, ni na fara."

Ya taka a hankali ya zo gindin tsamiya, ya zauna kusa da ƙoren fura, wurin tsofaffi da mata. Ba ƙarya ko ɗaya a maganarsa. Bai dai faɗi ƙirjin wa likita ya nuna ba.

Sai wani ya tuntsire da dariya. Makaɗin nan, Allah Ya jiƙansa, harshensa ya fi aska. Nan take ya juya kiɗa, ya shiga waƙar ƙato mai gadin fura. Duk idon jama'a ya koma kan Yaya, ba wanda ya ko kalli auta.

Maigidana ya tsaya da garma a hannu. Ya san sarai wa ke da ciwo da wa ke da lafiya. Idan ya sara, ya ƙaryata wansa a gaban dagaci, ya tabbatar wa gari cewa ragwanci ne ya zaunar da shi. Na ga muƙamuƙinsa yana motsi. Can sai ya saɓa garmar a kafaɗa, ya zo ya zauna gefen Yaya. Ni na zuba musu furar.

Abin ya ci Yaya ba kaɗan ba. Wanda ba ya zuwa gayyar mutane, ba a zuwa tasa. Su biyu suka riƙa noma gonarsu a hankali, Yaya yana rage hannu don kada ƙanensa ya ga an bar shi a baya, har Allah Ya hore musu shanun huɗa. Sunan Mai Gadin Fura ya bi shi har kasuwar Maigatari. Yara suna faɗa, manya suna murmushi. Sau da yawa na so in tsaya a bakin rijiya in fasa ƙwai, in gaya wa matan garin cewa mutumin nan lafiyarsa lau, zai iya huɗe gonakin mazansu kafin azahar. Ban taɓa ganin namijin da ya cika mini ido kamarsa ba, kuma haushi nake ji ana yi masa dariya.

Maigidana ya koma ɗinki. Ya ga sunan 'yarmu, ya ga aurenta, ya ɗauki 'ya'yanta a kafaɗa, duk da likita bai ce a yi wannan dakon ba.

Sau ɗaya na cire kunyar wan miji na tambayi Yaya. Bayan sunan 'yarmu ne da 'yan kwanaki, ya shigo duba jaririya. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Yaya, wannan suna da suka laƙaba maka, ba ya yi maka ciwo?"

Ya dubi yarinyar a hannunsa.

"Yana yi, Amarya, ƙwarai kuwa," ya ce. "Amma ni na ɗauki makarar Baba, ni na ɗauki ta wanmu. Ta ƙanena ce ba zan iya ba."