Jakar da Zibuyile ta ɗinka wa wayarta

Zibuyile Cele tela ce, ita ke ɗinka wa matan cocin unguwar Umlazi rigunansu na taron addu'ar ranar Alhamis. Mace ce marar hayaniya. Tun da ta gudu daga gidan mijinta Sbonelo, duk ɗakin da ta kama haya sai ya gano ta, don ya dasa wani abu a wayarta mai nuna masa inda take. Rabuwa da wayar kuwa rabuwa da sana'a ne, ta nan masu ɗinki ke nemanta. Sai ta ɗinka jaka, ta shimfiɗe cikinta da takardar alminiyum ta gasa kifi, ninki-ninki. Da waya ta shiga, ta kurumce, ba mai iya gano inda take. Ba ta fito da ita sai a cikin tasi, nesa da sabon ɗakinta na unguwar Isipingo.

Wata Asabar ta shiga kantin unguwar sayen garin masara. Mai gadi, Baba Shezi, ya hango ƙyalli a bakin jakar.

"Tsaya, 'yar'uwa. Kifi za ki gasa mana a kanti?"

'Yan layi suka bushe da dariya. Ya tasa ta zuwa ɗakin baya.

"Baba, ban ɗauki ko tsinke ba."

"Ba sai kin ɗauka ba. Da irin jakar nan ɓarayi ke rufe wa ƙararrawar ƙofa mai tona kayan sata baki. Dokar kantin nan, wanda ya shigo da ita sai 'yan sanda."

"Don Allah kar ka zazzage..."

Ina, ya riga ya juye ta kan tebur. Zare, almakashi, waya. Wayar ta kawo haske. Zibuyile ta ƙura mata ido kamar ta ga kububuwa. Baba Shezi na cikin neman lambar manaja saƙo ya shigo wayar Zibuyile, idonsa ya faɗa kai: "Ashe Isipingo kika koma, matata. Ina tafe."

"Hawu! Wane ne wannan?"

Ta ja wuyan rigarta gefe. Tabon wuƙa ne tun daga kafaɗa har ƙirji.

Tsohon ya dafe tebur. Can ya zare sakatar ƙofar da ake sauke kaya.

"Bi nan, 'yata. Jakar dai kyamara ta gan ta, ba ni da ikon ba ki."

Ta dubi wayar, ta bar ta a nan. Da ta fita ba ta nufi ɗakinta ba, inda keken ɗinkinta yake da rigunan mutane ba a gama ba. Tashar tasi ta nufa, tana sauri tana waige.