Kurkunun da na tsinke da hannuna

'Yan'uwa cikin Almasihu, na Magaria da na Damagaram, wata huɗu ban amsa wasiƙar kowa ba. Ba raini ba ne. Kunya ce, don rabin wannan jinya ni na jawo wa kaina.

Bara, da fari ya ƙafar da rijiyoyin Dungas, ruwan tabki muka sha, mu da shanu. Ni da nake koya wa yara tsabta a lakwal, wato makarantar boko, ban tace ba ko sau ɗaya.

Damina na faɗuwa bana, idon sawuna na dama ya ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi. Bororo ya taso, ya fashe, farin zare ya leƙo. Kurkunu.

Maƙwabcina Baba Manzo ya ɗaure kan zaren a tsinke, ya nuna mini yadda ake naɗewa: kaɗan kowace safiya, in ya cije a bar shi sai gobe.

Ina da kaye, ɗan littafi da nake rubuta komai a ciki. Na raba shafi biyu: nan tsawon da ya fito, nan addu'ar da na yi. Kwana goma sha tara, abin da ya fito bai kai kamu ɗaya ba, ciyawa kuwa tana cinye mini gero. Gidanmu kaɗai ne na Kirista a unguwar, sai nake ganin kowa ya zuba ido ya ga abin da Ubangijina zai yi. Wataƙila ba wanda ya damu. Ban sani ba.

Matata Rahila ta leƙa kayen, ta ce, "Malam, maki kake ba Allah kamar ɗan aji biyu?"

Ban yi dariya ba. Ran na ashirin na gama addu'a, na ce tunda an ƙi amsa mini, bari in taimaki kaina. Na ja.

Ya tsinke.

Kwana uku ƙafar ta kumbura kamar turmi, ga zazzaɓi, ga wari. Ma'aikacin likitar garinmu ya ce abin ya fi ƙarfinsa, aka ɗora ni a bayan kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Damagaram.

Can likitoci suka tsaga ƙafar, suka matse mugunya. Kowace safiya a ciro tsumman jiya a cusa sabo, ina cizon hannun riga. Allura safe da yamma, har na rasa gefen kwanciya. Likita ya ja layi da biro ƙasa da gwiwata, ya ce in kumburin ya haye nan, yankewa za a yi.

Na daina addu'a. Gara in faɗa muku gaskiya. Rahila na yi, ni ina juya fuska bango. Na ce mata shekara ashirin ina bin Ubangiji, kurkunu ɗaya ya gagare shi?

Ta ce, "Yi ta fushinka, ja iya ƙarfinka. Shi ba ya tsinkewa."

Kumburin ya tsaya saura yatsa biyu ya taɓa layin. Ban roƙa ba, don haka ban san a wane gefen shafi zan rubuta shi ba.

Da na dawo gida na tarar Baba Manzo ya kira gayya, an nome mini gona har sau biyu. Mutanen da na ɗauka kallona suke. Da na je godiya ya ce in bar shi, amma nan gaba in riƙa jin maganar wanda bai yi lakwal ba.

Ina ɗingishi, kuma har yau raina na ɓaci in na tuna. Amma ƙafata tana nan. Na gode wa Yesu da bai sake ni ba lokacin da na sake shi. Na gode Rahila, na gode maƙwabta.

Ku tace ruwan tabki da ƙyalle mai kauri. Mai kurkunu kada ya shiga inda ake ɗiba. In ƙafa ta kumbura, a tafi likita ran nan.

Wani kurkunun ya fito mini a ƙafar hagu, yau kwana goma sha biyu. Da safe na murɗa tsinken sau ɗaya, ya cije. Na bar shi, na yi addu'a, ban buɗe kayen ba.