Matar da Ta Zo Roƙon Babana

Kullum da safe, kafin a buɗe azuzuwa, Malama Marlys Pokorny ta riga ta shiga ɗan ɗakinta da ke bayan laburaren kwalejin garinmu. Takan ɗora kofi, ta kunna kwamfuta, ta duba su wa suka shiga darasi jiya, su wa kuma suka yi shiru. Ɗalibanta ba sa zuwa aji. Suna can warwatse cikin tuddan Nebraska, a nan Amurka, suna karatu daga gida, wani ya sauko daga tarakta, wata da jariri a cinya. Aikinta shi ne kada su ɓace. Ita ke aika kwamfutar aro ta hannun mai kai wasiƙu, ita ke nemo wanda zai zauna da kai ranar jarrabawa, in intanet ya ɗauke kuma ita ke lallashin malami ya ƙara maka lokaci. A wannan watan take ajiye aiki. Da yawa sun fi ni saninta. Ni dai abin da ta yi a gidanmu zan faɗa, ko da ban iya faɗarsa da kyau ba.

Babana, Wade Ostrander, makiyayi ne tun tasowarsa. Wani bijimi ya matse shi da shinge, bayansa ya lalace, likita ya ce hawan doki da ɗaukar kaya sun ƙare. Asibitin dabbobi na garinmu suka ce za su ɗauke shi mataimakin likita in ya kawo takardar shaida. Shi ya sa ya shiga karatun daga gida, da furfurarsa. In bai gama ba, babu wani aikin da bayan nasa zai iya, sai dai mu bar wurin da aka haife shi mu koma birni.

Komai na tafiya, ban da lissafin magani: dabba mai nauyi kaza, allura kaza. Ya faɗi gwaji, ya sake faɗi. Da lokacin haihuwar shanu ya zo, sai ya rufe kwamfutar ya ɗora hularsa a kai.

Malama Marlys ta kira shi. Da sunan kakata take kiransa, don ita da kakar tawa tare suke waƙa a coci a da.

"Ɗan Opal, kwana biyu ban gan ka a darasi ba."

"Lafiya lau, Malama. Shanu ne kawai."

"To, a gaishe da shanun."

Ba ta tambaye shi ko yana son taimako ba, don ta san mu. A wajenmu motar mutum za ta maƙale cikin dusar ƙanƙara, ka tsaya masa, ya ce maka iska yake sha. Amma in maƙwabci ya roƙe shi, ko daga gadon asibiti ne sai ya nemi takalminsa.

Ranar Asabar sai ga motarta a ƙofar gida, cike da laka, ita kuma riƙe da faranti na kolaci, burodin nan mai zaƙi da take toyawa.

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba, roƙo na zo," in ji ta.

"Ke da roƙo? Zauna tukuna."

"Akwai wata 'yar ajinku, Yesenia Barragán, tana aiki a mayanka. Ta ga shanu ba iyaka, amma duk a rataye. Ba ta taɓa ganin saniya na haihuwa ba, kuma za a tambaye ta. Faɗuwa za ta yi, Wade, ga ta da 'ya'ya biyu."

"Ai ni na riga na..."

"Ka riga ka me?"

"Ba komai."

"To ka kira ta da wayar nan mai hoto ka nuna mata. In kuma waya ma ta yi maka nauyi, sai in nemi wani tsohon."

"Wa kike ce wa tsoho? Ba ni lambar."

Haka aka fara. Da safe Mama ke fama da saniya mai haihuwa, shi yana zaune kan bokiti da waya a hannu, yana nuna wa Yesenia yadda ƙafafun gaba ke fara fitowa, da abin da ake yi in ɗan maraƙi ya zo a juye. Yana ce mata 'yar birni, tana ce masa Kawu. Wata rana ta ce, "Kawu, mu a gidanmu ba a karɓa a tafi haka nan. Buɗe lissafin nan mu gani." Bai iya ƙi ba, don ƙin karɓa zai zama kamar ya raina nata. Ya ɗauke hular daga kan kwamfutar.

Ba ta raga masa ba. Na ji ta tana cewa, "Kawu, da ka yi wa saniya wannan allurar, da tuni ta iso wajenmu a mayanka." Ya yi dariya har sai da ya dafe baya, sannan ya sake lissafin.

Sun ci jarrabawar su biyu. A ranar ne kuma suka gano cewa Yesenia ma ta riga ta daina shiga darasi a wancan lokacin, kuma ita ma an kai mata kolaci, an roƙe ta ta ceci wani dattijo mai taurin kai da lissafi zai kayar. Baba ya je ya tsaya a ƙofar ɗan ɗakin nan.

"Malama, ashe wayo kika yi mana."

Ba ta ko ɗago daga kwamfutar ba. Ta ce, "Nuna mini kalma ɗaya da na yi ƙarya a ciki."

Malama Marlys, ke ce uwar na nesa. Ke ce kika gane cewa mutumin da bayansa ya karye yana tsoron a tausaya masa fiye da yadda yake tsoron faɗuwa, sai kika zo masa a matsayin mai nema. Yanzu kullum yana fita da motar asibitin dabbobi, muna nan kuma a gidanmu. Shi ba zai iya cewa ya gode a gaban mutane ba, kin san shi, shi ya sa na ce bari in gwada. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma da za ku gaji kujerarta, da duk mai kula da wani daga nesa: in ɗalibi ya ce muku lafiya lau, kada ku yarda ku ajiye waya shi ke nan. Ku bincika me yake da shi wanda wani ya rasa, ku tuƙa har ƙofarsa, ku roƙe shi.