Layukan da Yaya Lawal ya ja

Bana shekara bakwai ke nan da muka raka Yaya Lawal makwancinsa, kuma sai bana na gane amanar da na yi wa riƙon sakainar kashi.

Yayana ma'aikacin gwamnati ne. Da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a wani asusun zuba jari, da niyyar ribar ta ƙarasa gidan da ya fara gina wa iyalinsa a Batagarawa. Duk wata uku, in rahoton asusun ya zo, sai ya baje shi a zaurenmu na Ƙofar Durbi, ya jera na wasu asusu uku a gefe, ya ja layuka a littafinsa yana gwada wanda kuɗin shigarsa ya fi ƙaruwa. Mukan tsokane shi, mu ce ko mai awon gero bai kai shi ƙwaƙƙwafi ba.

"Sabi'u," yakan ce mani, "kada ka yabi geronka sai ka leƙa gonar maƙwabci. In damina ta yi kyau, na kowa ma ya yi."

Bayan rasuwarsa, matarsa Hajiya Binta ta damƙa mani takardun. Littafin na jefa a akwati, don ba na iya kallon rubutunsa. Rahoto kuwa na zuwa, lamba na hawa, ni kuma ina ce mata, "Hajiya, kuɗi na haihuwa." Gonar maƙwabci ko sau ɗaya ban leƙa ba.

Bana mai gidan da suke haya ya ce su tashi. Muka je cire kuɗi don a yi rufi, sai ga shi ba su isa sayen kwano ba. Maryam, 'yar Yaya, ta duba sauran asusu ukun a waya. Ashe sun daɗe da barin namu a baya. Da na gwada tun farko na mayar da kuɗin can, da yau suna cikin gidansu. Da na sani ƙeya ce.

Hajiya ba ta ce mani komai ba sai, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Da ma zagina ta yi.

Nakan tambayi kaina, me zai ce da ya ga wannan zamani? Abin da yake hawa acaba ya bi ofis-ofis yana nema, yau yana cikin aljihuna, amma na kasa dubawa.

Ranar na buɗe akwatin. Ashe a kwanakin jinyarsa ya ja layuka har ƙarshen littafin, duk a karkace saboda rawar hannu. A saman shafin farko da babu lamba ya rubuta: "Sabi'u, ka ci gaba." Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Gidan na nan babu rufi. Abin da ya rage mana na Yaya shi ne wannan ɗabi'a ta leƙa gonar maƙwabci, kuma Maryam ta gaje ta. Jiya muka cike layin farko tare. Shafukan shekara bakwai ɗin na ce ta tsallake su, a bar su fayau, nawa ne.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ka yafe mani.