Sandar da Innar Buba ta Ɗaure

Mun tashi da asuba daga Gusau, ni da direban ofis da mai ɗaukar hotonmu, da wani kambu na gilashi da na naɗe a tsohon zanina na rungume kamar jariri. Kambun na Buba ne, jarumin wasan kwaikwayon da nake shiryawa, wanda ake nunawa bayan azahar. A bikin karrama shirye-shiryen talabijin na rana da ake yi duk shekara, shi aka zaɓa gwarzon bana. Mu 'yan shirin rana ba a cika tunawa da mu ba. Masu kallonmu teloli ne, da majinyata a asibiti, da matan gida in an yi sa'a an kawo wuta. Shi ya sa da aka kira sunansa na manta da girmana na rangaɗa guɗa.

Shi kuwa gwarzon, muna fita daga zauren ya ce mini ya gama wasa. Innarsa ba ta taɓa sa wa aikin nan albarka ba. Ta ɗaure sandarsa ta kiwo a cikin bukka, ta aiko masa cewa ran da ya gama shiririta ya zo ya ɗauka. Ya yi alkawarin komawa da kakar nan, kuma shi ba zai iya buɗe baki ya roƙe ta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin yaron yana son aikin, aikin yana son sa. Na ce ya ba ni kambun, ni zan je in roƙa.

A Anka muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya rame ya koma kamar maɓalli, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba, amma mai suyar ta cika mu da fara'a da yaji. Daga nan sai shingayen sojoji. A ɗaya wani soja ya sa na kwance zanin, ya jujjuya kambun, ya tambaya ko na ƙwallo ne. Da na nuna masa hoton Buba sai ya kwashe da dariya, ashe yana kallon mu a wayarsa. Bayan shingen hira ta mutu a motar. Ga dammunan gero an jera a gonakin bakin titi, amma in ka kai ido can ciki sai ka ga ciyawa ta cinye gonakin da ba wanda ya yi ƙarfin halin nomawa. Direba ya daina waƙa ya koma salati.

Inda kwalta ta ƙare muka ajiye mota muka hau babura zuwa wajen Nasarawa Burkullu. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni bai san birki ba, ni kuma hannu ɗaya na riƙe da kambu, ɗayan na riƙe da raina. Muka isa rugar muka tarar ba kowa, sai toka da turaku da kashin shanu da bai gama bushewa ba. Wani manomi da ke ɗaurin gero ya ce, "Ai sun tashi. Gummi sunka nufa, daga can kau Allah masani."

Direba ya ce mu koma, mun yi iya ƙoƙarinmu. Na ce shi ya koma, ni ko a ƙafa sai na ga matar nan. Ya yi ta gunaguni, amma da muka koma bakin kwalta ya tayar da mota.

Gummi ta tarbe mu da ƙamshin soyayyen kifi da tulin ƙorai a bakin kasuwa. Ban nemi mai unguwa ba, masu tallan nono na nufa, domin su ne suka san inda kowace ruga ta kwana. Na sha fura mai ɗan karen daɗi, na yi tambaya, aka kwatanta mana wani fili a bayan gari. Muka same su suna ɗaure kaya a kan jakuna.

Innar Buba siririyar dattijuwa ce, tana zaune tana goge ƙorai da ƙasa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da sakin fuska. Sai na kwance kambun a gabanta da sauran matan rugar, na ce Buba ne ya ciwo, Buba ya fi kowa, Buba ya fidda su kunya. Ina faɗa tana juya mini baya har ta fuskanci daji. Na ɗauka ta riga ta sallama shi.

Wata goggonsa ta ja ni gefe ta ce, "Ke ɗiyar birni, mi kika yi hakanga? Ana yabon ɗan fari gaban uwatai? Ko sunanai ba ta kira." Na san al'adar nan sarai, kakata ma haka take da babana, zumuɗi ne ya rufe mini ido. Kunya ta kama ni, amma ban tashi ba. Na koma cikin sauran matan na kunna musu wasan a waya, na karkata ta yadda in mutum ya ga dama zai hango ta wutsiyar ido. Suka yi ta dariya suna tafa hannu. Inna ba ta waiwayo ba, sai dai ƙwarya ɗaya ta yi ta gogewa har wasan ya ƙare.

Da la'asar ta gabato direba ya fara nuna mini rana. Na yi sallama jikina a mace, na bar kambun a kan tabarma. Mun kusa mota sai na ji an ce, "Ke, baƙuwa." Inna ce, riƙe da wata sanda da hannu ya goge har tana sheƙi. Ba ta dube ni ba ta ce, "Waccan sandar da aka riƙewa cikin wasanku ta 'yan birni ta. Makiyayi bai riƙon irinta, dariya aka yi muku. Ki kai wagga can." Na karɓa da hannu biyu. Na hango goggon tana cusa kambun cikin babbar ƙwaryar Inna, wadda ake ɗaurewa a saman kaya.

A Gummi muka kwana, hantsi ya same mu a hanyar gida. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, a ƙasar nan akwai iyayen da ba a jin albarkarsu a baki, sai mutum ya zauna ya kalli hannunsu. Na kuma gane cewa shirin rana da muke rainawa yana kaiwa har shingen soja.

Na tarar da Buba a ofis ya riga ya haɗa jakarsa. Ya tambaya me ta ce. Na ce ba ta ko ambace shi ba, na miƙa masa sandar, ashe tasa ce ta kiwo da ta ɗaure. Ya daɗe yana shafa ta, ya juya mini baya irin na uwarsa. Can ya share fuska ya ce, "Hajiya, ƙarfe nawa za a fara ɗauka gobe?"