Ranar da Muka Naɗa wa Kyaftin Rawani

Ban taɓa mantawa da ranar da aikina ya koma ɗaura wa soja rawani ba. Lokacin mulkin soja ne, ina jami'in tarbar baƙi a sakatariyar ƙaramar hukumarmu, can ɓangaren Sheme. Aikin mai tarbar baƙi shi ne ya san wa zai zauna ina, wa zai fara magana, wa za a fara miƙa wa ruwa.

Muna da ciyaman farar hula, dattijo mai sanyi, amma an turo mana wani Kyaftin wai ya riƙa sa ido. Ko tsintsiya za a saya, sai Kyaftin ya ɗaga kai alamar ya yarda.

Sai ga sanarwa daga Katsina: Turawan da za su haƙa mana rijiyoyin burtsatse sun ce ba za su taɓa ƙasa ba sai sun ga soja ya cire hannu daga mulki, kuma za su aiko wakiliya ta duba. Matan ƙauyukanmu kuwa tun asuba suke fita neman ruwa. Umarnin sama kashi biyu ne: kada baƙuwa ta ga soja, kuma kada Kyaftin ya bar wurin taron.

Na aro babbar riga da rawani wajen surukina a Yankara, muka sa wa Kyaftin. Kyaftin ya dubi madubi ya ce, "Malam Sule, mi za ni yi da hannuwana?"

"Yallaɓai, carbi za ka riƙe. Kuma ka daina tafiya kamar ana buga maka ganga."

Sajensa muka mai da shi masinja mai kawo shayi.

Baturiyar ta iso da tafintanta, ta zauna, ta tambayi ciyaman wa ke yanke shawara a nan. Ciyaman ya ce, "Ni ne," sannan ya waiga ya dubi mai rawani. Mai rawani ya ɗaga kai. Duk tambayar da ta yi, haka aka yi.

Can Saje ya shigo da tire. Da idonsa ya faɗa kan maigidansa, ƙafarsa ta buga ƙasa da kanta, ya ƙame. Kofuna suka watse. Na yi maza na ce wa tafinta haka muke gaida dattawa a ƙasar nan. Sai ga ma'aikata duka sun miƙe suna buga ƙafa, har da mai shara, don maganata ta zauna.

Da za ta tafi, ta riƙe hannun Kyaftin ta ce, ta bakin tafinta, "Alhaji, na ga jama'a na girmama ka. Irinku muke so su tsaya zaɓe, sojoji su koma bariki."

Kyaftin ya ce zai yi shawara.

Rijiyoyi dai an haƙa. Da aka buga gangar siyasa, Kyaftin ya ajiye kaki ya tsaya takarar ciyaman, ya kuma ci. Ni na shirya kujerun rantsar da shi.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan: baƙo tufa yake gani, mu ne muke ganin mutum. In kun ga ciyaman yana magana, ku duba wanda yake waigawa ya kalla, ku fara miƙa masa ruwa.