Rowar Mai Kirgi

Shekarar da fari ya share mana garke a ƙauyenmu kusa da Cadawa, kakata Inna Dije ta sauko da tsohon buzun da marigayi kakanmu yake salla a kai. Ta babbake gashin, ta kankare, ta yayyanka, ta zuba a tukunya da kanwa. Ni kunya ta ishe ni, don ƙaurin ya tsallaka danga, kowa a unguwa ya san abin da gidanmu zai ci. Fata kuwa ba ta nuna da wuri. Muka kewaye murhu bayan magariba, ƙannena suna ƙananan koke-koke, ni ina ta leƙa tukunya.

"Kai mijin banza, sauke hannunka," in ji ta. "Ka kasa ciyar da ni, kuma za ka ƙone mini? Ku matso. Ta yau babu Gizo a ciki, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta."

Ta ce tana yarinya, zamanin Nasara, akwai wani Bafaranshe da ya kafa sito a bakin kasuwa yana sayen fata. Sunansa ya gagari bakin mutane, sai aka sa masa Mai Kirgi. Shi kaɗai ne farar fata a duk garin, ba mata, ba ɗa, sai wata Hausa tasa mai kama da ta mai mura. Yana shinshina fata ya gane ta yanka ce ko ta mushe. In ya saya, sai ya barbaɗe ta da wani farin gari mai guba don kada ƙwari su ci, ya jibge har raƙuma su zo su kwasa.

"Ban ce mutumin kirki ne ba fa," in ji Inna. "Da yunwa ta zo, dabbobin Fulani suna faɗuwa, shi kakarsa ta yanke saƙa. Fatar saniya guda, ɗan hatsin da bai cika ƙwarya ba."

Da abin ya yi tsanani, mahaifin Inna, wanda yake limanci a unguwarsu, ya haƙa ƙasan bangon siton ya zaro fata ɗaya. Bai san zancen garin gubar ba. Aka dafa, aka fara ba ƙaramin, Sanda, ƙanen Inna, don shi ya fi galabaita. Kafin manya su sa hannu yaro ya fara murƙususu. Washegari aka binne shi, aka ce wa mutane yunwa ce.

Mai Kirgi ya ga ramin, ya ji mutuwar, ya haɗa biyun ya gane. Ya zo gaisuwa ya tsuguna a ƙofar gida, bai tona asiri ba, bai kuma kai ƙara wurin kumandan, Baturen mulki da ke can birni, ba.

Ba a jima ba gari ya taru a bakin sito, maza da mata masu goyo, suna roƙo ya ba su fatun su dafa. Ya ce akwai guba. Aka yi masa ihu, aka ce ƙaryar marowaci ce. Sai ya hango mahaifin Inna cikin taron.

"Malam," ya ce, "kai ka sani. Gaya musu."

Inna ta tura icce cikin wuta. "Ina riƙe da gefen rigarsa," ta ce. "Baba ya sunkuyar da kai. Mi zai ce, ɗiyana? Liman ya yi sata, ya kashe ɗansa da hannunsa?"

Da mutane suka fara tura ƙofa, Mai Kirgi ya kwarara kananzir ya cinna wa siton wuta, duk abin da ya tara ya ƙone. Masu kamfaninsa suka kore shi. Ranar da zai tafi yara suka raka shi da jifa. Tun daga nan, wanda ya gwammace abu ya lalace da ya bayar, sai a ce ya yi rowar Mai Kirgi.

Inna ba ta rufe da ƙurungus kan ɓera ba. Ta sauke tukunya ta raba mana, ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne kada a yi sata. Sai da na girma na ga ba satar ce ta hana Inna barci ba, mai yunwa Allah ma ya yi masa uzuri. Shirun mahaifinta ne. Kuma wallahi shirun nan gadonsa muka yi kamar gona. Mu ne gidan liman har yau, ana ba mu sahun gaba. Na sha jin ana cewa rowar Mai Kirgi a kasuwar Cadawa, a yi dariya, in taya.

Kwanan baya 'yata ta nemi ɗan'uwanta ya sam mata rake ya hana, ya jefa a kwata. Ta ce, "Allah wadai, rowar Mai Kirgi!" Sai ta juyo gare ni: "Baba, wai shi wane ne?"

Baƙi na zaune a zaure, suna ji. Na ce mata wani Bature ne na da.